Gidan da Muka Gina a Tafkin Magina

Tudun Wada, Zariya
9 ga Mayu

Zuwa ga maigidana, Baban Rauda,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da abokan aikinka. Yaya Legas, yaya fama da tifa, yaya kuma ciwon bayan nan naka? Mu nan lafiya lau muke, alhamdu lillahi. Inna tana gaishe ka, ko da yake ka san halinta, ba za ta kama sunan ɗan fari ba, cewa ta yi a gaida mutumin Ikko. Rauda ta kusa gama izu biyu, Khubaib kuma ya koyi jan kujera yana buɗe firij.

Na san za ka yi dariya ka ce wa yake rubuta wasiƙa a wannan zamani. To ni ce. In muna waya ba ka bari in kai ƙarshen magana, ko a kira ka lodi, ko ka ce Allah ya kyauta ka kashe. Shi ya sa na zauna na rubuta a takarda, zan ɗauki hotonta in turo maka. Ita dai ba ka da yadda za ka katse ta.

An yi ruwan fari ranar Talata, ba wani mai yawa ba, iyakarsa ya kwantar da zafi. Amma tun daga ranar ƙofar ɗakin Inna ba ta rufuwa sai an ɗaga ta da kafaɗa. Sai kuma rijiyarmu. Ka san yanzu ne rijiyoyin unguwa suke ƙasa, mata suna ƙara igiya, mu kuwa tamu hawa take yi, da rabin igiya nake ɗiba. Matan layi har sun fara cewa mun yi dace. Ni dai ban ga dace ba, don ruwan wari yake yi irin na juji in rana ta doke shi, ko wanke-wanke na daina yi da shi. Akwai kuma ƙwallon Khubaib. Duk inda ya ajiye ta a falo sai ta gangara da kanta, ta bi baranda, ta tsaya a ƙofar Inna. Shi wasa ya ɗauka, yana ta tafi. Ni kam da na ga abin ya ƙi ƙarewa sai na kira Inna ta gani.

Da na nuna wa Inna sai ta hau ba ni labarin tafkin da aka cike aka yi layinmu. Ka san ni 'yar Hanwa ce, da aka kawo ni gidaje na tarar, na dai ji ana cewa Layin Ciko ban taɓa tambayar dalili ba. Ashe sunan wurin Tafkin Magina. Ta ce zamanin Turawa, da aka yanka Tudun Wada don baƙin da ba su zauna cikin ganuwa ba, a nan magina suka sami jar ƙasa mai danƙo, suka yi ta haƙa suna yin tubali. Kakanka Malam Mika'ilu da wannan haƙar ya tashi. Ta ce babu wani tsohon ɗaki a unguwar nan da ƙasarsa ba daga ramin ta fito ba. Suna nan suna bin ƙasa mai kyau suna nutsawa, wata rana diga ta huda idon ruwa, kafin su tattara kayan aiki ruwa ya kai musu ƙugu. Wurin da idon yake shi aka sa wa suna Cibiya.

Ta ce tana yarinya tafkin ya kama tun daga tsohuwar tsamiyar nan ta bakin titi har bayan firamare. Ga bado, ga agwagi, ga masu wanki sun baje shanya a kan ciyawa. Sau ɗaya a shekara, dab da faɗuwar damina, a yi su a kama kifi, kowane gida ya ci tarwaɗa. A shekarun fari da rijiyoyi suka ƙafe, har daga unguwar Kongo ake zuwa da tuluna, gefen tafkin ya bushe ya tsattsage, amma Cibiya ko gezau. Masunta sun taɓa ɗaura gora biyu baki da baki suka zura, ba su ji ƙasa ba. Daga baya bulo ya kashe ginin ƙasa, aka daina kula da wurin, kowa ya mai da shi wajen zuba shara, har aka wayi gari ana yanka filaye a kai.

Na tambaye ta to ina Cibiyar take yanzu. Ta ce in miƙo mata buta, la'asar ta yi.

Don Allah ka gaya mini gaskiya, da me aka cike filin nan kafin ka yi gini? Ba don in tayar maka da hankali ba, so nake nawa ya kwanta.

Yara suna gaishe ka. Ka riƙa shafa maganin bayan nan, kada ka ce ka manta. Allah ya tsare mana kai.

Taka har kullum,
Mahbuba

Tudun Wada, Zariya
26 ga Yuni

Baban Rauda,

Sallama da gaisuwa, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. An yi sallah lafiya? Mun ci nama ba kai. Inna ta soya naka ta rufe a tukunya, ta hana kowa taɓawa, har Khubaib da yake ɗan gaban goshinta. Allah ya maimaita mana, ya sa baɗi kamfanin naku ya ji tausayinmu ya sake ka.

Na ji amsarka. Wai a Legas teku kuke cikewa a dasa bene, balle ɗan kududdufin Tudun Wada. Sannu injiniya. Ai kai da bakinka ka ba ni labari cewa yashi zalla kuke juyewa, sannan a zo da inji a kafa ƙarafa har sai sun taɓa dutse. Mu fa? Na tambayi Malam Kailani magini, wanda ya yi maka aikin gidan nan. Ya sosa ƙeya ya ce ai kowa ya san da abin da aka cike layin nan, toka ce da tsumma da gashin kaji da leda, sai 'yar jar ƙasa da aka shimfiɗa a sama. Ya ce da suna haƙa shadda tsofaffin takalma suka yi ta fitarwa.

Bari in gaya maka abin da na gani da idona, don ranar Lahadi da ruwa ya ɗauke na zura hijabi na zaga. Ashe unguwar nan kamar kwano take, mu ne a gindinsa. Lambatu uku suke gangarowa, ɗaya daga wajen Kongo, ɗaya daga bayan kasuwa, ɗaya daga babban titi. A da duk cikin tafkin suke zuba, in ya cika sai ya fita ta wata 'yar hanya da Inna ta ce ana kira Wuya, ya bi ta ƙarƙashin kwalbati ya tafi kogin Kubanni. To Wuyan nan shi ne inda Alhaji Isiyaku ya jera shagunansa bara. Ya bar wa ruwa wani bututu da bai fi kaurin cinyata ba, shi ma leda ta toshe shi. Lambatun kuwa ba wanda ya gaya musu an sayar da tafki, suna nan suna kawo ruwansu yadda suka saba. Ɗan abin da ya rage na tafkin a bayan katangarmu, mai kainuwar nan da kake cewa bana za a ƙarasa cike shi, yanzu katangar yake lasa.

Mutanen layi fa, maimakon a taru a buɗe Wuya, kowa bulo yake saye yana ɗaga dokin ƙofarsa. Wannan ya ɗora jeri ɗaya, maƙwabcinsa ya ɗora biyu don ruwa ya wuce gaba. Shiga gidan maƙwabciyarmu Maman Bahijja yanzu sai mace ta tattare zane kamar mai haura katanga. Kowa yana tura wa na ƙasa da shi, mu kuma babu kowa a ƙasa da mu.

Bangon ɗakin Inna ya tsage, daga saman taga har ƙasa. Da farko allura ce kawai take shiga, yanzu ɗan yatsana yana shiga. Inna ta rataya dardumar sallah a kai, wai don iska.

Ga abin da nake roƙo, kuma don Allah ka karanta da kyau kafin ka yi fushi. Ka ba ni izini in kwashe yara da Inna mu koma gidanmu a Hanwa zuwa ɗaukewar damina. Ba zan sa ƙafa waje ba sai da yardarka, ka san ban taɓa yi ba. Amma tsoro nake ji, Baban Rauda, tsoro ba na wasa ba.

Ina jiran amsarka. Allah ya bar mu tare.

Matarka,
Mahbuba

Tudun Wada, Zariya
3 ga Agusta

Baban Rauda,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Mu ma da sauƙi, sai dai Rauda da ta yi zazzaɓi, ta warware. Sauro ya yi mana yawa bana.

Na daɗe ban rubuto ba saboda raina a ɓace yake, ba zan ɓoye maka ba. Na roƙe ka izini, ka ce in mace ta kwashi 'ya'ya da kaya ta nufi gidansu ana tsakar damina, ba wanda zai ce tafki ta guda, yaji za a ce ta yi. Ka ce za a yi ta yi da kai a majalisa, a ce Jafaru ya yi shekaru yana tuƙi a Kudu ya ɓige da gidan da matarsa ma ba ta iya kwana a ciki. Haba Baban Rauda. Shekararmu tara, yaushe ka ga na yi yaji? Ni da na sayar da 'yan kunnena aka sa wa gidan nan tayil, ni zan so a yi masa dariya?

Malam Kailani ya zo kamar yadda ka aiko shi. Ya cusa siminti a tsagar, ya shafe, aka bi da fenti ruwan madara har gaban gida. Wallahi gidan ya yi kyau, masu wucewa har tsayawa suke yi. Sati bai zagayo ba tsagar ta dawo a kan layinta na da, ta kuma haifi 'yar'uwarta a ɗakin girki. Na ce masa ya gaya maka, ya ce shi ba ya shiga tsakanin miji da mata.

Ko ka ba da izinin ma, akwai wata matsalar da ban hango ba. Na ɗan taɓa wa Inna zancen Hanwa, ta dube ni kamar na zage ta. Ta ce ita, da furfurarta, ta je ta shimfiɗa tabarma a gidan surukan ɗanta, ta ci tuwonsu, ta shiga bayinsu? Ta ce ko a mafarki. Na ce to Funtuwa wajen ƙanwarka Sumaiya, ta ce can ma gidan suruki ne. Ka kuma san ɗakinta na gado a tsohon gidanku na kan tudu shi ta sayar aka yi wa wannan rufi. Sai a ranar na gane ba ta da inda za ta je ba tare da ta sunkuyar da kai ba.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Jiya da hantsi Rauda ta jefa guga don mu wanke tsakar gida, guga ya fito da tarwaɗa mai rai, baƙa wuluk, ta kai tsawon hannuna. Ba wanda ya taɓa zuba kifi a rijiyar nan. Yara suna ta tsalle a soya, Inna ta fito ta daɗe tana kallonta, sannan ta ce a mayar da ita inda ta fito.

Da na kai mata abinci sai ta ce in zauna a bakin gadonta in duba ta taga. Ta ce me na gani. Na ce tsamiya, da hasumiyar tsohon masallaci a bayanta, sun yi saiti ɗaya kamar an jera su. Ta ce haka masunta suke gane Cibiya in suna cikin kwalekwale, in tsamiya ta rufe hasumiya to sun iso, sai su ɗauke tarunsu don kada ya nutse. Ta ce tun ranar da ka kawo ta ka nuna mata ɗakin kana murna ta duba ta tagar nan ta gani. Na ce Inna me ya sa ba ki faɗa ba. Ta ce an riga an yi rufi, kuma ba ta taɓa ganin fuskarka da haske irin na ranar ba.

Tun daga lokacin nake jin abin da da ban kula da shi ba. Da rana tsaka, in an ɗauke wuta unguwa ta yi shiru, in ka tsaya a ɗakin Inna za ka ji wani sauti a ƙarƙashin tayil kamar tukunyar da ta fara tafasa. Na sa kunnena a ƙasa na ji. Inna ta ce ta daɗe tana jinsa, shi yake tashinta sallar walha in gyangyaɗi ya ɗauke ta.

Ban iya lallashi ba, ka sani, bakina ya fi ni sauri. Amma yau lallashinka nake yi. Ka bar zancen majalisa, 'yan majalisa a kan tudu suke kwana. Ka ce mu tashi, ni zan san yadda zan yi da Inna.

Ka huta lafiya.

Mahbuba

Hanwa, Zariya
20 ga Agusta

Zuwa ga maigidana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina kuma fata fushin da kake yi da ni bai hana ka cin abinci ba. Yara lafiya. Baba da Umma suna gaishe ka da kyau.

Ka ga daga inda nake rubutu. Na kira ka ranar da na taho, kana jin na ce Hanwa ka ce tunda na iya fita ba da izininka ba ai ba sauran abin da zan tambaye ka, ka kashe. Tun daga nan ba ka ɗaga wayata. To ka karanta, in ka gama ka yi duk hukuncin da ka ga dama.

Ranar Litinin aka yi ruwa tun daga azahar. Ban damu da ƙofa ba, don na tare ta da buhunan yashi. Ina zaune a kan keken ɗinki sai na ji ƙafata a jiƙe. Ruwan ba ta ƙofa ya shigo ba, ta tsakanin tayil yake tsattsafowa, baƙi, da ƙananan kumfa. Kafin in miƙe Khubaib ya sheƙa baranda bin ƙwallonsa, kawai na ga tayil ya burma da shi har cinya. Inna ce ta riga ni, ban san tana da wannan saurin ba, ta fizgo shi ta hammata. Takalminsa ɗaya ya tafi. Na zura muciya a ramin don in laluba, muciyar ta shige duka, saura kaɗan ta ja hannuna.

Inna ta goya shi da kanta har ya yi shiru. Sannan ta kira ni, ta sa aka kira Maman Bahijja da Malam Kailani don su zama shaida, ta ce:

"Ni na haifi Jafaru. Abin da ya isa ya ba ki, ni ma na isa. Ɗauki 'ya'yan nan ki tafi gidanku, da izinina."

Baban Rauda, tunda na shigo gidanku ban taɓa jin sunanka a bakinta ba sai ranar. Na durƙusa na ce to ta taho mu tafi, ta ce a'a. Ta ce in ita tana ciki, duk wanda ya tambaya za ta ce ita ta aike ni ganin gida, ba mai cewa yaji na yi. In kuwa muka fita gaba ɗaya aka sa kwaɗo, to an tabbatar gidan ɗanta ya gagari zama, kuma an yi shi a bayan idonsa. Ta ce ta ɗauke mini nawa nauyin, amma rufe gida sai maigida.

Yayana Muntaka ya zo da a-kori-kura ya kwashe mu. Na roƙe ta ko ɗakinmu na gaba ta koma, ta ce ba ta kwana a gadon ɗanta. Da ƙyar ta yarda za ta riƙa yini a falo.

Amma na samo hanya. Jiya na je unguwar Kwangila wajen Hajiya Ishatu, ƙawarta tun ta ƙuruciya, wadda suke zuwa tsinkar bado tare. Ba suruka ba ce, ba abin kunya a ciki. Hajiya ta share ɗaki har ta sa turare. Na koma na gaya wa Inna, ta yi murmushi ta ce ta yarda, da zarar ka ce a rufe gidan za ta tafi. Ta ce ba ta son doguwar magana, kalma ɗaya ta ishe ta.

Ita ba za ta kira ka ta roƙa ba, ka san ta. Kai ma na san ka, jira kake in ba ka haƙuri tukuna. To na ba ka. Ka yi haƙuri, na yi laifi, in ka dawo ka yi mini faɗa har ka gaji. Ni ka bar ni da fushinka, amma ka turo kalmar nan saboda Inna. Kullum da safe ina kai mata abinci, kuma kullum sai na tarar ƙofar ɗakinta ta ƙara karkacewa. Yau ma gabas ta yi baƙi.

Ina nan riƙe da waya.

Matarka mai ƙaunarka,
Mahbuba

Hanwa, Zariya
23 ga Agusta

Baban Rauda,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina yi maka gaisuwa, ina yi wa kaina. Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta, ya ba ka haƙuri. Yaya Muntaka ya ce ya gaya maka ta waya, kuma kana hanya. Na rubuto ne don in ka iso ba zan iya kallon idonka in faɗi wannan ba, kuma ya kamata ka ji shi daga wurina.

Jiya Juma'a na kai mata koko da ƙosai da safe. Na tarar ta yi wanka ta sa atamfar da ka aiko mata da sallah. Ta tambaye ni ko mutumin Ikko ya yi magana, na ce tukuna. Ta ce to, zai yi, shi dama tun yana yaro sai ya gama kumbure-kumburensa. Ta kore ni da wuri don hadari, ta ce yara suna jirana.

Ruwan ya sauko ana shirin tafiya masallaci. Ban taɓa ganin irinsa ba, ko katangar gidanmu ba a gani daga baranda. Na yi ta kiran Maman Bahijja, da ƙyar ta ɗaga, ta ce ruwa ya haura dokin ƙofarsu duk da tsayinsa, suna kan gado da yara, mazan layi duk suna masallaci. Na ce a duba mini Inna, ta ce ba mai iya tsallaka layin. Muna cikin magana na ji wata ƙara ta cikin wayar, ba mai ƙarfi ba, kamar an juye tifar ƙasa daga nesa. Maman Bahijja ta yi salati, waya ta katse.

Ban jira ya ɗauke ba. Yaya Muntaka ya ɗauke ni a babur, muka ajiye shi a bakin titi muka shiga da ƙafa, ruwa har ƙirjina. Daga tsamiya har bayan firamare ruwa ne shimfiɗe, gidajen layi suna tsaye a cikinsa. Tafkin da Inna ta kwatanta mini, da iyakokinsa, haka na gan shi.

Gaban gidanmu yana nan da sabon fentinsa, ko ƙwarzane babu. Muka tura ƙofa muka wuce falo. Daga ƙarshen baranda babu komai. Ba ɗakin Inna, ba ɗakin girki, ba katanga. Ba wai sun rushe ne an ga tarin bulo ba, babu su ne kawai, sai ruwa yana juyawa a hankali da kainuwa a kai. Maman Bahijja ta ce ta hango Inna ta taga a falo har lokacin da aka yi kiran sallah, daga nan ta ga ta shiga ɗaki da buta. Ka san ba ta sallah ko'ina sai a kan dardumarta.

Maza suka dawo daga masallaci suka taru. Wasu suka fasa shagon Alhaji Isiyaku na tsakiya da diga don ruwa ya sami hanya, shi da kansa ya miƙa musu digar. Aikin da aka yi wata uku ana ja-in-ja a kai, kafin la'asar an gama shi. Aka kawo gora aka zura inda ɗakin yake, ba ta taɓa ƙasa ba. Aka ɗaura mata wata.

A bayan ƙofar falo na ga ƙunshinta. Ta ɗaure kayanta tsaf a zane, carbinta da maganin hawan jininta a sama, ga takalmanta na fita a jere, ga kwaɗon gida da makullinsa a ɗora a kai. A gefe ga tukunyar namanka na sallah, ta ɗaure murfin da tsumma don kada ya zube a hanya. Ashe a shirye take, Baban Rauda. Ban san tun yaushe ba.

Ina tsaye riƙe da ƙunshin wayata ta yi ƙara a cikin leda. Saƙonka ne. Ka ce: "Na haƙura. Ki ce wa Inna ta rufe gidan ta tafi." Na faɗa mata. Na tsaya a ƙarshen baranda, a gaban mazan unguwa duka, na karanta mata shi da ƙarfi, don ta ce kalma ɗaya take jira. Yaya Muntaka ne ya janye ni.

Masunta da aka ɗauko daga bakin kogin Galma su suka fito da ita yau da hantsi. Fuskarta lafiya lau, hijabinta na sallah a jikinta. Malamai sun ce ba za a iya jiranka ba, an kai ta bayan azahar. Sumaiya ta iso a kan lokaci, Hajiya Ishatu ce ta yi mata wanka.

Ban ce laifinka ne ba, ban kuma ce ba naka ba ne, yau ba ni da ƙarfin wannan. Ni ma ina ta tambayar kaina me ya hana in sa a ɗauke ta cak ranar Litinin, ta yi ta fushi da ni har ƙarshen rayuwarta. Khubaib yana ta tambaya wa zai ba shi ƙwallonsa, don a ƙofar Inna ya bar ta.

Ka ce wa direba ya bi a hankali, ba sauran abin sauri. In ka sauka kada ka nufi Layin Ciko, ba kowa a can. Hanwa za ka zo. Ba a sami busasshen wuri a gidanka ba, don haka a ɗakin Umma aka yi wa Inna sutura, a ƙofar gidan Baba aka yi mata sallah, a nan kuma ake zaman makoki. Namanka yana nan, ban bari kowa ya taɓa ba.

Allah ya kawo ka lafiya.

Matarka,
Mahbuba